Janar Murtala Ramat Muhammad da Motarsa ta Onikan

Kowane ɗalibin da ya taɓa shiga gidan kayan tarihi na Onikan, nan Ikko, ya ga wata baƙar mota ƙirar Mercedes, jikinta duk hudar harsashi. Motar nan ta Janar Murtala ce, shugaban ƙasarmu na dā. To, bari mu ɗan ba da labarin mai ita.

An haife shi a Kano ran 8 ga Nuwamba, 1938. Ya yi karatu a kwalejin gwamnati ta Zariya, wadda ake kira Barewa, sa'an nan ya shiga soja a 1958. Aka tura shi Sandhurst ta Ingila ya koyi aikin hafsa, daga baya kuma ya je Kongo aikin kwantar da tarzoma.

Ya hau mulki a ƙarshen Yuli, 1975, bayan an tuɓe Janar Gowon. Kwana wajen 200 kaɗai ya yi, amma aikin da ya yi da yawa. Ya mai da jihohi 12 suka zama 19, ya yanke shawarar ɗauke babban birni daga Ikko zuwa Abuja, ya kuma goyi bayan Angola. Ran Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, 'yan tawayen Laftanar Kanar Dimka suka harbe shi a Ikoyi, yana kan hanyar zuwa barikin Dodan. Shekarunsa 37. Aka kai shi Kano aka binne.

Motar nan ba ta magana. Masu binciken tarihi su ne ke tono takardu, su tambayi dattawan da suka ga zamanin, su faɗa mana ma'anarta. Su ne kuma suka hana a manta da abin da ba shi da daɗin ji, watau kisan farar hula a Asaba a 1967, wanda sojojin rundunarsa suka yi, da korar dubban ma'aikatan gwamnati cikin gaggawa a 1975.

'Yan'uwa, gobe mu ne za mu tsaya gaban yaran Idi-Araba da Agege. Kullum suna riƙe Naira 20 mai hotonsa, suna jin jiragen da ke tashi daga filin da aka sa wa sunansa. In ba mu bincika mun gaya musu gaskiya duka ba, za su taso suna ganin tsohuwar mota kawai.