Filibus Neri: Waliyyin da Ya Mai da Fara'a Ibada

Muna makaranta, da yawanmu mun ɗauka mai tsoron Allah shi ne wanda ba a ganin haƙorinsa. Da na kama aikin gwamnati kuma sai na ƙara da cewa ma'aikaci ba ya kwarjini sai ya ɗaure fuska. Tarihin wani fadan Katolika ne ya sa na sake tunani, shi nake so in gutsura muku.

An haifi Filibus Neri a birnin Fulorens na Italiya a 1515. Yana ɗan shekara 18 aka tura shi wurin wani attajiri ɗan'uwan mahaifinsa, da fatan ya gaje shi. Bai daɗe ba ya bar dukiyar ya nufi birnin Roma, wanda bai gama farfaɗowa daga wawashewar da sojoji suka yi masa a 1527 ba. Can ya riƙa koyar da yara don ya ci abinci, yana jinyar marasa lafiya. A 1548 ya kafa ƙungiyar kula da matalautan masu ziyara, a 1551 kuma aka naɗa shi fada.

Kowace shekara, dab da azumin Kirista na kwana 40, akan yi bikin sharholiya a Roma, samari su lalace. Filibus bai tsaya faɗa ba, sai ya shirya musu wani bikin. Yakan jagorance su a ƙasa su zaga manyan majami'u bakwai, tafiyar kusan kilomita 20, ana waƙa ana addu'a, da rana a zauna a lambu a ci abinci. Jama'a ta yi ta ƙaruwa har ta kai dubbai.

Kada ku zaci wasa ne kawai. A wurinsa dariya maganin girman kai ce. Da ya ga ana kambama shi, sai ya aske rabin gemunsa ya fita gari. Yakan kuma ɗora wa almajirinsa mai ji da kai kare ya ratsa titi da shi.

Gwajin gaske ya zo a 1559, lokacin da shugabanninsa suka zarge shi da neman suna da tara ƙungiya, suka dakatar da tafiyar. Ya yi biyayya ba tare da ɗaci ba, har aka wanke shi. A 1575 Paparoma Giregori na 13 ya amince da ƙungiyarsa ta Oratori. Ya rasu ran 26 ga Mayu, 1595, aka ayyana shi waliyyi a 1622.

Abin da na koya shi ne, farin ciki ba jiran albashi ko ƙarin girma yake ba. Horo ne kamar azumi, kullum sai an sabunta shi. Yanzu idan tsoho ɗan fansho ya tsaya gaban teburina yana neman fayil ɗinsa, nakan tuna Filibus, in saki fuska, in ba shi kujera. Shimfiɗar fuska, ai, ta fi ta tabarma.

Allah Ya bar zumunci, sai mun haɗu a taron shekara.