Ralph Bunche: Mai Shiga Tsakani a Tsibirin Rodes

An haifi Ralph Bunche a birnin Detroit na ƙasar Amurka a shekarar 1904, cikin zuriyar baƙar fata. Mahaifinsa mai aski ne. Mahaifiyarsa ta rasu a 1917, sai kakarsa ta wajen uwa ta ɗauke shi zuwa Los Angeles, a hannunta ya girma. Ya gama Jami'ar Kalifoniya da ke wannan birni a 1927, sa'an nan ya wuce Jami'ar Harvard inda ya sami digiri na uku a kimiyyar siyasa a 1934. Kundin digirin nasa kuwa a kan Afirka ta Yamma ya yi shi, watau ya kwatanta yadda Faransa ke mulkin Dahome, wadda take mallakarta ce kai tsaye, da yadda take mulkin Togo, wadda aka ba ta riƙon amana bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da ƙafarsa ya zo ƙasashen biyu ya ga abin da ke gudana.

Wannan ilmi shi ya buɗe masa ƙofa. A 1945 yana cikin tawagar Amurka a taron San Francisco da ya kafa Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kuma sa hannu wajen tsara sassan kundin Majalisar da suka shafi ƙasashen da ba su sami mulkin kai ba. A 1946 ya koma aiki da Majalisar ɗungurungum, bai bar ta ba sai daf da rasuwarsa.

Abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne rikicin Falasɗinu. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin sabuwar ƙasar Isra'ila da ƙasashen Larabawa a watan Mayu na 1948, Majalisar ta naɗa Folke Bernadotte, wani basarake ɗan ƙasar Swidin, ya zama mai shiga tsakani, Bunche kuma ya zama babban mataimakinsa. Ran 17 ga Satumba na wannan shekara 'yan wata ƙungiyar Yahudawa masu ɗauke da makamai, Lehi, suka harbe Bernadotte a birnin Ƙudus. Da ma an shirya Bunche zai kasance tare da shi a wannan tafiya, jinkirin da ya samu a hanya ne ya hana. Kaya suka faɗo a kansa ke nan, ga shi kuwa ya riga ya ga abin da ake yi wa mai raba faɗa.

Bernadotte ya yi ƙoƙarin warware matsalar ne baki ɗayanta: iyakoki, da matsayin Ƙudus, da makomar 'yan gudun hijira. Kowane ɓangare ya yi watsi da shirin nasa. Bunche ya lura da haka, sai ya taƙaita burinsa. Ya ga cewa sulhu na dindindin ba zai samu ba a lokacin, domin babu gwamnatin Larabawa da za ta amince da Isra'ila ta kuma kwana bisa mulki, ita kuma Isra'ila ba za ta saki abin da ta ci da yaƙi ba. Amma akwai abin da dukkansu ke bukata, watau a daina wuta. Masar na da sojoji da aka yi wa ƙawanya a Faluja, cikinsu har da wani matashin hafsa mai suna Jamal Abdul Nasir. Isra'ila kuma mutanenta kaɗan ne, ba ta iya barin samarinta a fagen fama har abada. A kan wannan bukata ya ɗora aikinsa.

A watan Janairu na 1949 ya tara wakilan Masar da na Isra'ila a wani masauki a tsibirin Rodes, cikin tekun Bahar Rum. Da fari wakilan ko gaisawa ba sa yi. Bunche bai tilasta musu zama wuri ɗaya ba. Yakan gana da waɗannan a ɗakinsa, su fita, ya kira waɗancan, ya rubuta daftari da kansa, ya kai wa kowa ya gyara, ya sake rubutawa, sau da yawa har tsakar dare. Hikimar wannan ita ce, wakili zai iya karɓar shawara daga hannun Majalisar ba tare da an ce ya rusuna wa abokin gaba ba. Yakan kuma fara da ƙananan batutuwa waɗanda ba su da wuyar daidaitawa, domin mutane su saba da amincewa kafin a zo kan masu nauyi. Yana da barkwanci. An ba da labarin cewa ya sa an ƙera faranta na tangaran don tunawa da taron tun ba a cim ma kome ba, ya nuna wa wakilan, ya shaida musu cewa in an sa hannu kowa zai sami nasa, in kuwa an watse a kawunansu zai farfasa su.

Wurin da ya fi ba da wuya shi ne Auja, wata mahaɗar hanyoyi a bakin iyakar Masar. Kowa ya ƙi barin ta ga ɗan'uwansa. Aka ƙare a kan cewa babu sojan da zai zauna a cikinta. Aka kuma rubuta a fili cewa layin da aka shata na sojoji ne kawai, ba iyakar ƙasa ba ne, kuma bai soke da'awar kowa ba. Wannan sharaɗi shi ya sa Masar ta iya sa hannu ran 24 ga Fabrairu, bayan mako shida, sojojinta na Faluja suka fita da makamansu. Labanan ta bi a watan Maris, Jodan a Afrilu, Siriya a Yuli. Aka kafa kwamitocin haɗin gwiwa ƙarƙashin jami'an Majalisar don sauraron ƙorafin kowane gefe.

Saboda wannan aiki aka ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya a 1950, shi ne baƙar fata na farko da ya same ta. Ya so ya ƙi karɓa, a ganinsa ma'aikacin Majalisar aikinsa kurum ya yi, sai da Babban Sakatare Trygve Lie ya matsa masa. Abin mamaki, mutumin da ya sasanta ƙasashe ya ƙi babban muƙamin da Shugaba Truman ya yi masa tayi a ma'aikatar harkokin waje, domin ba ya son 'ya'yansa su tashi cikin wariyar launin fata ta birnin Washington.

Lalle ne a faɗi inda dabarar tasa ta tsaya. An ɗauka yarjejeniyoyin Rodes matakala ne zuwa sulhu cikin 'yan watanni. Aka miƙa manyan batutuwan ga wani kwamiti dabam, taronsa na Lausanne a 1949 ya watse ba sakamako. Falasɗinawa wajen 700,000 da suka bar gidajensu ba su da wakili a Rodes, ba a kuma mayar da su ba. An ɗaure miki ba a wanke ba, ya fashe a 1956, ya sake fashewa a 1967. Ɗora wa Bunche laifin wannan duka zalunci ne, gama ikon da aka ba shi na dakatar da yaƙi ne. Amma gaskiya ne cewa da wuta ta lafa, sai manyan ƙasashe suka daina jin zafin da zai sa su nemi maganin asali.

Bayan haka ya zama ginshiƙin aikin sojojin kiyaye zaman lafiya. Shi ya yi ɗawainiyar haɗa rundunar da aka aika Masar bayan rikicin Suwez a 1956, da ta Kwango a 1960, wadda sojojin Nijeriya suka yi aiki a cikinta har Aguiyi Ironsi ya zama kwamandanta a 1964. A Kwango ne ya sha mafi ɗacin aikinsa. Patrice Lumumba ya so rundunar ta murƙushe 'yan awaren Katanga da ƙarfi, Bunche ya tsaya a kan cewa ba a ba ta wannan izini ba, suka rabu baram-baram. An kashe Lumumba a Janairun 1961, 'yan Afirka da yawa kuwa ba su yafe wa Majalisar ba.

A 1965, ga ciwo ga tsufa, ya shiga tattakin neman haƙƙin baƙar fata daga Selma zuwa Montgomery tare da Martin Luther King. Aikinsa na ƙarshe mai girma a asirce ya yi shi, watau shawarwarin da suka kai Iran ga janye da'awarta a kan Baharain a 1970. A lokacin ciwon sukari ya kusa cinye ganinsa. Ya rasu a New York ran 9 ga Disamba, 1971.