Diori Hamani da cinikin uraniyom da bai kai ga sallamawa ba

Masu karatu, duk wanda ya taɓa zama a rumfa ya san irin wannan rana. Kana da kaya mai kyau, mai saye ya zo, ka gani a idonsa yana so, amma shi ma ya riga ya ji labarin cewa tun jiya ba a ɗora tukunya a gidanka ba. Tayin da zai yi maka ranar nan daban ne. Yau mun ɗauko tarihin mutumin da irin wannan ciniki ya faɗa wa a kan dukiyar ƙasa baki ɗaya, wato Diori Hamani, shugaban Jamhuriyar Nijar na farko. Kayan da ke hannunsa kuwa uraniyom ne, ma'adinin da ake samar da wutar lantarki da shi, ake kuma haɗa bam ɗin ƙare-dangi da shi.

An haifi Diori ranar 6 ga watan Yuni na 1916 a Sudure, wani ƙauye da ke bakin kogin Isa kusa da Yamai. Bazabarme ne, mahaifinsa kuma ma'aikacin lafiya ne a zamanin Nasara, shi ya sa aka sa yaron lakwal a lokacin da yawancin iyaye ke ɓoye ƴaƴansu kada a kai su. Karatu ya kai shi makarantar William Ponty ta Senegal, wadda ta yaye da yawa daga cikin mutanen da suka riƙe ƙasashen Afirka ta Yamma bayan tafiyar Faransa. A 1936 ya dawo gida ya kama aikin koyarwa, ya yi Yamai, ya yi Maraɗi. Bayan shekara biyu aka ɗauke shi zuwa Paris, yana koya wa samarin Faransawa Hausa da Zabarmanci kafin a turo su mulkin ƙasashenmu. Ke nan wasu daga cikin kwamandojin da suka riƙa yi wa kakanninmu tsawa da gurguwar Hausa, a bakin mushe Diori suka fara jin ta.

A 1946 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN, wadda ta zama reshen RDA a Nijar. A shekarar ce aka zaɓe shi ɗan majalisar dokokin Faransa. Ya faɗi zaɓe a 1951, ya dawo a 1956. Babban abokin hamayyarsa ɗan'uwansa ne, Djibo Bakary, jagoran Sawaba, jam'iyyar da ta yi ƙarfi a tsakanin ƙananan ƴan kasuwa da direbobi da leburorin birni, musamman a Damagaram da Maraɗi. Da Janar Dogol ya kawo ƙuri'ar raba gardama ranar 28 ga Satumba 1958, Djibo ya nemi jama'a su ƙi zama ƙarƙashin inuwar Faransa, Diori ya nemi su yarda. Gwamnan Faransa da yawancin sarakuna suka tsaya bayan Diori, ɓangarensa ya yi rinjaye, kafin shekarar ta ƙare mulki ya koma hannunsa. A 1959 aka haramta Sawaba. Ranar 3 ga Agusta 1960 Nijar ta samu ƴancin kai, Diori na bisa kujera.

Ba za mu rufa wa mamaci abin da ya aikata ba. Jam'iyya ɗaya ya bari a ƙasar, zaɓen 1965 da na 1970 shi kaɗai ya tsaya. Da mayaƙan Sawaba suka kutso ta iyakoki a 1964, an kama su, an harbe wasu a bainar jama'a a Yamai, an cika gidajen kaso da waɗanda ake zargi. A watan Afrilu na 1965 wani ya jefa masa gurneti a filin idi ranar babbar salla. Shi ya tsira, wani yaro ya rasu. Akwai gidaje a ƙasar Hausa da har yau ba su manta da waɗannan shekaru ba, kuma suna da hujja.

To, ina uraniyom ya shigo? Tun 1957 masu binciken ƙasa na Faransa da ke neman tagulla suka ci karo da alamunsa a Azelik, cikin yankin Agadas. A lokacin Faransa ta ƙudura sai ta mallaki bam nata na kanta, kamar Amurka da Tarayyar Sobiyet da Ingila. Ranar 13 ga Fabrairu 1960, wata shida kafin ƴancinmu, ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, mai ƙarfin da ya ninka na Hiroshima kusan sau huɗu. Iska ba ta san iyaka ba: ƙurar mai guba ta gangaro kudu da hamada, ta kai har Cadi da Mali. Gana ta riƙe kadarorin Faransa don nuna fushi, Najeriya kuma ta kori jakadan Faransa a farkon 1961. Gaba ɗaya sau 17 Faransa ta yi gwajin bam a hamadar nan kafin ta daina a 1966.

Nijar ta Diori ba ta bi sahun masu fushi ba. A watan Afrilu na 1961 ma sai ta sa hannu, tare da Kodibuwa da Dahome, a kan yarjejeniyar tsaro da Faransa. A ciki akwai wani sharaɗi da ya shafi ma'adinai masu muhimmanci ga yaƙi, har da uraniyom: Faransa ce za a fara ba wa, kuma ana iya hana sayar wa wasu in tsaro ya buƙaci haka. A harshen kasuwa, an yi wa kayan kamu tun ba a haƙo su ba. Dalilin da ya sa Faransa ta damu haka shi ne, uraniyom ɗin Amurka da Kanada yana zuwa da sharaɗin kada a yi makami da shi, na Nijar da na Gabon kuwa ba shi da wannan takunkumi.

A 1968 aka kafa kamfanin Somaïr, hannun jari mafi yawa na Faransawa ne, aka gina garin Arlit a tsakiyar hamada, a 1971 aka fara fitar da kaya. Amma a shekarun nan gujiya ce ke riƙe da ƙasa. Dattawan Maraɗi da Tasawa da Magarya sun tuna lokacin da ake jera buhuna a gaban sikeli, kamfanin Sonara na kwasa. Da gujiya da dabbobi da harajin kai da jangali gwamnati ke biyan ma'aikata. Abin da uraniyom ke kawo wa baitulmali a farko kaɗan ne, domin mai saye shi ne mai haƙa, shi ne mai awo, shi ne kuma mai yanka farashi.

Ana yawan kiran Diori yaron Faransa, kuma akwai gaskiya a ciki. A Yamai ne ma aka kafa hukumar da ta zama tushen ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ranar 20 ga Maris 1970. Sai dai akwai inda ya ƙi bin su. A yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, Faransa ta karkata ga masu neman ɓallewa, Kodibuwa da Gabon suka amince da Biyafara a matsayin ƙasa, Diori kuwa ya tsaya tare da gwamnatin tarayyar Najeriya, har ya karɓi zaman sulhu a Yamai a watan Yuli na 1968. Ya san cewa abincin mutanen Birnin Ƙonni da Maraɗi da Damagaram a haɗe yake da kasuwannin Sakkwato da Katsina da Kano. Paris ba ta ji daɗin haka ba.

Sannan fari ya zo. Daga 1968 damina ta riƙa gazawa, zuwa 1973 abin ya zama bala'i. Rijiyoyi suka ƙafe, shanu da raƙuma suka zube, Buzaye da Fulani suka kwararo bakin garuruwa ba su da komai sai tabarma. Gujiya ta faɗi, ba ta sake komawa yadda take ba. Ƙasashen waje suka aiko da hatsin agaji, sai zance ya cika gari cewa wasu manyan gwamnati suna ɓoye shi suna sayarwa da tsada. Ɗalibai da malamai suka shiga yajin aiki. A cikin wannan yunwa ma ba a daina karɓar haraji ba.

Ana cikin haka kasuwar duniya ta juye. A watan Oktoba na 1973 yaƙi ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila, ƙasashe masu man fetur suka ƙulle famfo, gangar mai da ake saya kusan dalar Amurka 3 ta doshi 12 cikin ƴan watanni. Faransa ba ta da mai. A watan Maris na 1974 firaministanta Pierre Messmer ya sanar da shirin gina tashoshin nukiliya 13 a tashin farko, domin ƙasar ta koma dogaro da su wajen wuta. Diori ya ga abin da kowane ɗan kasuwa zai gani: mai saye ya matsu.

Ya jawo Gabon don su haɗa baki, kamar yadda masu mai suka yi. A cikin watan Maris ɗin nan tawagar Faransa ta sauka Yamai ƙarƙashin minista Yves Guéna. Hujjar Diori ita ce, uraniyom ba gujiya ba ne da za a ɗora bisa sikeli a biya a wuce. A auna yawan wutar da yake bayarwa, a kwatanta da man da zai ba da irin wannan wuta, a biya daidai da haka. Bayan wannan kuma, da shi ne Faransa ke zama cikin manyan duniya masu bam, saboda haka ƙasar da ta ba da shi ta cancanci kaso na musamman. Faransawa suka dage cewa haja ce kamar kowace haja, tana da farashinta a kasuwar duniya. Mu a ganinmu kowane ɓangare ya san gaskiyar ɗayan. Faransa ta san kayan sun wuce gujiya, in ba haka ba me ya kai su cikin yarjejeniyar tsaro? Diori kuma ya san ba shi da wani mai saye a bakin ƙofa, ba shi da injiniyoyin da za su haƙa, ga rumbu wayam. Aka tashi ba a daidaita ba, da niyyar a sake zama a watan Afrilu.

Ba a sake zaman da shi ba. Ranar 2 ga Afrilu shugaban Faransa Pompidu ya rasu. A daren 14 wayewar 15 ga Afrilu 1974, sojoji ƙarƙashin Laftanar-Kanar Seyni Kountché suka afka wa fadar shugaban ƙasa. An kashe mutane da dama, cikinsu har da uwargidansa Aïssa, Bafillatana ƴar yankin Dogon Dutsi, wadda mata da yawa suka sani ta hanyar ƙungiyar matan Nijar, wasu kuma suka sani ta hanyar gidajen haya da ake cewa ta tara a Yamai. Aka kama Diori. Jama'a ba su fito kare shi ba. Sojojin suka buɗe rumbunan ajiya suka shiga rabon hatsi, wannan ya ishi mai jin yunwa hujja.

Tun daga ranar ake gardama a majalisun shayi: Faransa ce ta kayar da shi saboda ya nemi ƙarin kuɗi? Yadda abubuwan suka zo a jere dole mutum ya yi zargi. Amma wani masanin tarihi ɗan Holan, Klaas van Walraven, da ya binciki takardun Faransa, ya nuna a 2014 cewa juyin mulkin ya zo wa Paris ba zato, har an tsara turo sojoji ta sama don a ceto Diori, daga baya aka fasa. Sojojin Nijar suna da nasu ƙorafin: yunwa, da sa su aikin karɓar haraji, da yarjejeniyar tsaron da Diori ya ƙulla da Libiya ta Gaddafi ana saura ƴan makonni. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, akwai sojojin Faransa a Yamai a daren, akwai yarjejeniyar 1961, kuma ba wanda ya fito. Bayan wata ɗaya Kountché ya ce su kwashe kayansu su bar ƙasar.

Farashin da Diori ya nema ya zo, amma a hannun wanda ya kayar da shi. Uraniyom da ake sayarwa wajen dalar Amurka 6 zuwa 7 kowace laba a 1973 ya haura 40 kafin 1978. Kamfani na biyu, Cominak, ya fara haƙa a Akokan a 1978. Da kuɗin nan aka soke harajin kai, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, aka yi manyan gine-ginen Yamai. Gwamnatin soja ta sayar wa wanda ta ga dama, har da Libiya. Bayan hatsarin wata tashar nukiliya a Amurka a 1979 farashin ya karye, bashi ya hau kan ƙasa.

Sunan Nijar bai rabu da maganar bam ba. A 2003, lokacin da Amurka ke neman hujjar afka wa Iraƙi, an kawo wasu takardu da ke nuna wai Saddam Husaini ya nemi sayen uraniyom a wurinmu. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta duba ta ce na jabu ne, amma duk da haka aka yi yaƙin a watan Maris na shekarar. Cominak ta rufe a 2021, ta bar tsibin dusar ma'adini a gefen Akokan. A watan Yuni na 2025 hukumomin soja na Yamai suka mayar da Somaïr mallakar ƙasa. Faransa na samun kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya, mu kuwa har zuwa 2023 yawancin wutar da muke kunnawa daga Najeriya ake sayo ta, kuma mafi yawan ƙauyukanmu ba su da ita sam.

Shi Diori kaɗan ya gani daga cikin wannan. Ya yi shekara shida a tsare a barikin soja na Damagaram, a 1980 aka mayar da shi Yamai aka yi masa ɗaurin talala. Sai bayan rasuwar Kountché a 1987 Janar Ali Saibou ya sake shi. Ya tafi Maroko, ya rasu a Rabat ranar 23 ga Afrilu 1989 yana da shekara 72. Filin jirgin saman Yamai, inda alhazanmu ke tashi zuwa Makka ƴan kasuwarmu kuma zuwa Dubai, sunansa yake ɗauke da shi.