Dennis Potter: Ɗan Mai Haƙar Kwal Da Ya Zama Gwanin Wasan Kwaikwayon Talabijin

A fitowarmu ta wannan mako, filin tarihin mashahuran mutane ya leƙa ƙasar Ingila, inda muka ɗauko muku labarin Dennis Potter, marubucin wasannin kwaikwayo na talabijin da ya rayu daga 1935 zuwa 1994. Mun zaɓe shi ne saboda labarinsa ya shafi da yawa daga cikinmu. Yaro ne ɗan gidan talakawa, karatu ya ɗaga shi, kuma karatun nan ya sa tazara tsakaninsa da iyayensa. Wannan tazara, da wata cuta da ta kama shi tun yana matashi, su ne suka zame masa abin rubutu har ƙarshen ransa.

Haihuwa da ƙuruciya

An haife shi ranar 17 ga watan Mayu, 1935, a ƙauyen Berry Hill da ke yankin Dajin Dean, a gundumar Gloucestershire, kusa da iyakar Ingila da Wales. Yankin yana tsakanin koguna biyu, Severn da Wye, kuma a wancan zamani yawancin mazansa haƙar kwal suke yi a ƙarƙashin ƙasa. Mahaifinsa, Walter, yana cikin masu wannan aiki. Mahaifiyarsa, Margaret, 'yar Landan ce da aure ya kai ta ƙauye. Mutanen wurin suna da nasu karin Turanci wanda baƙo kan sha wuya kafin ya gane, kuma zuwa coci ranar Lahadi babban abu ne a wurinsu. A cocin ne Dennis ya fara jin labaran Baibul da waƙoƙin da suka zauna masa a kai.

Tun a firamare aka ga yaron yana da ƙwaƙwalwa. Malamai suna yabonsa, sauran yara kuwa suna jin haushinsa, har ya fara jin kamar ba ɗaya yake da su ba. A 1945, yana da shekara goma, an kai shi zama wurin dangin mahaifiyarsa a unguwar Hammersmith ta Landan, inda wani babba daga cikin dangin ya ci zarafinsa ta hanyar lalata. Bai faɗa wa kowa ba a lokacin. Sai da ya kwashe shekaru masu yawa yana ɗauke da abin a zuciyarsa kafin ya yi maganarsa a fili. Muna roƙon duk ɗalibin da irin wannan ta same shi ya sanar da iyaye ko malamin da ya amince da shi, domin shirun bai rage wa Potter komai ba.

Ya ci jarrabawar shiga sakandare, ya fara a makarantar Bell's da ke garin Coleford, daga baya ya koma St Clement Danes a Landan. Daga 1953 zuwa 1955 ya yi aikin soja na tilas, kamar yadda dokar Birtaniya ta ɗora wa samari a lokacin. A can aka koya masa harshen Rasha, ya yi aiki da shi a ma'aikatar yaƙi.

Jami'a da maganar da ta ɓata ran gida

A 1956 ya sami gurbi a kwalejin New College ta Jami'ar Oksfod, inda ya karanta falsafa da siyasa da tattalin arziki. Ba kasafai ɗan mai haƙar kwal ke kaiwa wannan wuri ba a zamanin. Abin da zai fi jan hankalin 'yan ƙungiyarmu shi ne ya zama editan mujallar ɗalibai mai suna Isis, wadda ta samo sunanta daga yadda ake kiran kogin Thames a garin Oksfod.

A 1958 aka gayyace shi wani shirin talabijin na BBC da ke magana kan bambancin matsayi tsakanin masu hali da talakawa. A nan ya bayyana wa duk ƙasar cewa karatu ya sa zance tsakaninsa da mahaifinsa ya yi wuya. Wata jarida ta ɗauki maganar ta buga ta da babban kanu, ta nuna shi a matsayin yaron da ke jin kunyar gidansu. Mahaifinsa kuwa dole ya ci gaba da shiga ramin kwal tare da mutanen da suka karanta wannan labari. Potter bai daina jin nauyin abin ba.

A watan Janairu na 1959 ya auri Margaret Morgan, 'yar yankinsu, kuma Allah ya ba su 'ya'ya uku. A shekarar ya gama jami'a ya kama aiki da BBC. A 1960 ya shirya wani fim na gaskiya a kan Dajin Dean mai suna Between Two Rivers, wato tsakanin koguna biyu. Nan ma wasu mutanen yankin suka ga kamar ɗansu ya dawo da kyamara yana kallonsu daga sama. Daga baya shi kansa ya yarda cewa akwai girman kai irin na ƙuruciya a cikin aikin. Abin da ya gano shi ne kyamara tana ɗaukar fuskar mutum da gidansa, amma ba ta iya shiga zuciyarsa. Wannan na cikin dalilan da suka karkatar da shi zuwa wasan kwaikwayo.

Cuta da siyasa

Ya bar BBC ya koma jaridar Daily Herald. A farkon shekarun 1960 wata cuta ta kama shi wadda ke haɗa ciwon fata da ake kira soriyasis da amosanin gaɓɓai. Fatarsa takan yi ja, ta tsage, ta riƙa saɓulewa, gaɓoɓinsa su kumbura su ƙage, zazzaɓi ya yi tsanani har ya riƙa ganin abin da babu shi. Da yake yawon neman labari ya gagare shi, sai jaridar ta ba shi aikin kallon shirye-shiryen talabijin yana rubuta sharhi a kansu. A wannan zaman ne ya naƙalci abin da ke sa shiri ya yi kyau da abin da ke ɓata shi.

A babban zaɓen 1964 ya tsaya takarar majalisar dokoki a mazaɓar Hertfordshire ta Gabas a ƙarƙashin jam'iyyar Leba, ya faɗi. Yaƙin neman zaɓen ya fitar masa da siyasa daga rai, domin ya ga yadda ake murmushin ƙarya da alkawarin da ba za a cika ba. Da lafiya ta ƙi, siyasa ma ta ƙi, sai ya zauna a gida ya fuskanci rubutu. Cutar ba ta rabu da shi ba har ya mutu. Ta kai ga ta naƙasa masa yatsu suka dunƙule, amma ya ci gaba da rubutu da hannu, yana cusa alƙalami a cikin dunƙulen.

Wasanninsa

A 1965 BBC ta nuna wasanninsa huɗu a filin The Wednesday Play, wanda ke kawo sabon wasa kowace Laraba. A lokacin tashoshin talabijin uku ne kawai a Birtaniya, saboda haka farfesa da lebura sukan kalli abu ɗaya a dare ɗaya. Wannan ne ya sa Potter ya fifita talabijin a kan dandalin wasan kwaikwayo, wanda galibi masu kuɗi ke zuwa. Yana son irin mutanen ƙauyensu su ga aikinsa.

Biyu daga cikin wasannin suna ba da labarin wani saurayi mai suna Nigel Barton. A Stand Up, Nigel Barton, ɗan mai haƙar kwal ne da ya tafi Oksfod, ya yi magana a kan iyayensa a talabijin, sannan ya zauna tare da su a ɗaki suna kallon shirin. Akwai kuma wurin da Nigel yana ɗan firamare ya saci furen da ke cikin aji, ya ɗora wa wani yaro marar gata laifin, sauran yara suka goyi bayan ƙaryar. Ɗaya wasan, Vote, Vote, Vote for Nigel Barton, ya fito ne daga takarar da ya yi, kuma BBC ta ɗage nuna shi har sai da aka yi masa gyara.

A 1978 ya fito da Pennies from Heaven mai kashi shida, inda Bob Hoskins ya fito a matsayin mai tallan takardun waƙa a shekarun 1930. A tsakiyar zance sai ɗan wasa ya fara motsa baki yana bin tsohon faifan waƙa na wancan zamani, ko da muryar ta mace ce shi kuwa namiji. Mun saba ganin 'yan fim ɗin Hausa suna bin waƙar da wani ya rera, amma Potter ya yi amfani da dabarar ne domin nuna burin da mutum ke ɓoyewa wanda bakinsa ba zai iya furtawa ba.

A 1979 aka nuna Blue Remembered Hills, labarin yara bakwai 'yan shekara bakwai da ke wasa a Dajin Dean wata rana a 1943. Manya ne suka fito a matsayin yaran, cikinsu har da Helen Mirren, domin kada tausayin ƙananan yara ya rufe wa mai kallo ido daga muguntar da ke cikin wasan nasu. A ƙarshe suka kulle ɗayansu a cikin rumbun ciyawa da sunan wasa, wuta ta kama ya mutu, sai suka haɗa baki cewa ba sa wurin.

Aikin da aka fi saninsa da shi shi ne The Singing Detective na 1986, shi ma kashi shida. Michael Gambon ya fito a matsayin marubuci da ke kwance a asibiti da irin cutar Potter, ba ya iya ko riƙe alƙalami. Labarin yana kai da komo tsakanin ɗakin asibiti, da littafin ɗan sandan ciki da mutumin ke sake tsarawa a kansa, da ƙuruciyarsa a daji. A hankali mai kallo ke gane cewa sirrin da ake bincike shi ne abin da ya faru da shi yana yaro. A nan ma akwai yaron da ya yi laifi a aji ya ɗora wa wani.

Ba duk aikinsa ne ya sami yabo ba. BBC ta hana nuna Brimstone and Treacle a 1976, sai a 1987 aka sake shi. Blackeyes na 1989 kuwa ya sha suka mai zafi kan yadda ya nuna mata. Ya kamata mu faɗa cewa da yawa daga cikin wasanninsa na manya ne, ba na 'yan makaranta ba.

Watanninsa na ƙarshe

A watan Fabrairu na 1994 likitoci suka shaida masa cewa yana da ciwon daji wanda ya riga ya bazu zuwa hanta, kuma 'yan watanni suka rage masa. A daidai lokacin matarsa Margaret ma tana fama da ciwon dajin mama, yana jinyarta a gidansu da ke Ross-on-Wye. A watan Maris ya yi hira da Melvyn Bragg, wadda tashar Channel 4 ta nuna a watan Afrilu. Yana hirar yana kurɓar maganin rage zafi na morfin. Ya ce ya raɗa wa ciwon nasa sunan Rupert Murdoch, attajirin jaridu da yake zargi da ɓata aikin jarida a Birtaniya. Ya kuma yi maganar wata bishiya da ta yi fure a bakin tagarsa, wadda sanin kusantowar mutuwa ya sa yake ganin kyanta fiye da kowane lokaci a baya.

Babban abin da ya dame shi shi ne ya gama wasanni biyu da ke hannunsa, Karaoke da Cold Lazarus. Ya tsara wa kansa yawan shafukan da zai rubuta kowace safiya, ya kuma roƙi BBC da Channel 4, waɗanda abokan gasa ne, su haɗu su shirya su. Ya gama rubutun. Margaret ta rasu ranar 29 ga watan Mayu, shi kuma ya bi ta ranar 7 ga watan Yuni, 1994, kwana tara a tsakani, yana da shekara 59. Tashoshin biyu sun cika masa burinsa, suka nuna wasannin a 1996 tare da Albert Finney a matsayin babban ɗan wasa.

Da yawa a cikinmu iyayensu manoma ne, ko 'yan kasuwa, ko masu sana'ar hannu da ba su zauna a aji ba, kuma su ne ke biyan kuɗin makarantar nan. Potter ya yi magana a kan mahaifinsa a gaban jama'a yana da shekara 23, ya kuma shafe sauran rayuwarsa yana komawa kan wannan rana a cikin rubutunsa. Ga masu sha'awar rubutu a cikinmu, ya nuna cewa ƙauyen mutum da ajinsu da ciwonsa sun isa abin rubutu, muddin zai faɗi nasa laifin tare da na wasu. Duk mai son mu kawo tarihin wani marubuci a fitowa ta gaba, ya miƙa sunansa ga sakataren ƙungiya kafin ranar Juma'a.