Boisguilbert: alƙalin da ya ce arhar hatsi na haifar da yunwa

Manomin albasa a kwarin Tarka na Madaoua ko na Majiya a Bouza ya san lokacin da buhu ke faɗuwa warwas: an gama cira, kowa ya kwaso tasa, mai saye ya yanka farashin da ya ga dama. Fiye da shekara 300 da suka wuce, wani alƙali a Faransa ya ƙarar da rayuwarsa yana gaya wa ministocin sarki cewa irin wannan arha ba alheri ba ce. Sunansa Pierre Le Pesant de Boisguilbert, kuma ko a ƙasarsa ba kowa ya san shi ba.

An haife shi a birnin Rouen a 1646. Ya karanta shari'a, kuma a 1690 ya zama babban alƙalin lardin. Yana kan wannan kujera aka yi yunwar 1693 zuwa 1694, wadda ta kashe fiye da mutum miliyan ɗaya, a lokacin da yaƙe-yaƙen Sarki Louis na 14 ke cinye baitulmali. A 1695 ya fitar da littafinsa Le Détail de la France ba tare da sa sunansa ba.

Abin da ya fara sa wa ido shi ne haraji. Manyan masu sarauta da limaman coci ba sa biyan harajin da ake kira taille. Talaka ke biya, kuma da ƙiyasi ake yanka masa. Wanda aka ga ya ƙara saniya, baɗi sai a ƙara masa. Don haka mai hali ya koma sa tsumma, ya daina zuba taki, ya daina saye. Dattawan Keita da suka ji labarin zamanin jangali, lokacin da makiyayi ke ɓoye shanu, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Amma maganarsa kan hatsi ita ce ta fi ɗaure wa mutanen zamaninsa kai. Hukuma na hana fitar da alkama waje don burodi ya yi arha a birni. Shi kuwa ya ce idan farashi ya gaza kuɗin noma, manomi zai bar gonakin da ba su da ƙarfi, ya sallami 'yan ƙwadago. Shekarar da damina ta ƙi, rumbu babu komai, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Kuma manomin da bai samu ba, ba zai sayi komai wurin maƙeri, masaƙi ko madinki ba, domin abin da wani ya kashe shi ne samun wani. A ganinsa kuɗi ba su ne dukiya ba, ɗan aike ne kawai, kuma ƙwandala a hannun talaka ta fi yawo sau da yawa a kan wadda mai kuɗi ya kulle a akwati.

Ba duk maganarsa za a ɗauko a dasa a Adar ba. Normandi ƙasa ce mai ruwa, kuma shi bai san shekarar da gero ke bushewa tun bai yi kai ba. Sai dai tambayar da ya yi tana nan duk lokacin da aka rufe iyaka ga hatsi, kamar yadda Nijar ta yi a 2024: wa zai biya kuɗin arhar?

Mutum ne mai naci, ya dami ministoci da wasiƙu har suka gaji da shi. A 1707 aka haramta littafinsa Factum de la France, aka kore shi zuwa Brive na 'yan watanni. Ya mutu a Rouen a 1714. Voltaire ya yi masa ba'a bayan mutuwarsa, suna kuma ya tafi ga Quesnay da Adam Smith, wanda babban littafinsa bai fito ba sai 1776. A 1859 Karl Marx ya rubuta cewa ilimin tattalin arziki na asali ya faro ne da William Petty a Ingila, da Boisguilbert a Faransa.