Battling Siki: zakaran duniya na farko daga Afirka, da abin da za a gaya wa yara game da shi

A ranar 24 ga Satumba 1922, a filin Buffalo da ke Montrouge kusa da Paris, wani matashi ɗan Senegal ya kayar da Georges Carpentier, gwarzon da Faransa ke alfahari da shi, a turmi na shida. Alƙalin wasa ya fara cewa matashin ya sa wa Carpentier ƙafa ne, ya ba Bafaranshen nasara. Sai dubban ƴan kallo suka tayar da ƙura har aka soke hukuncin. Haka Louis Mbarick Fall, wanda aka fi sani da Battling Siki, ya zama ɗan Afirka na farko da ya riƙe kambun duniya a damben zamani, a ajin masu nauyin kilo 79.

An haife shi a Saint-Louis a 1897. Ya isa Faransa tun yana yaro, ya fara dambe yana matashi. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke ya shiga sojan Faransa, kuma jarumtarsa ta sa aka ba shi lambobin yabo biyu, Croix de guerre da Médaille militaire.

Duk da haka, jaridun lokacin sun riƙa kwatanta shi da biri, suna nuna shi kamar wanda ya fito daga daji jiya. Bayan nasarar, Siki ya bayyana cewa an shirya da shi tun farko ya faɗi da gangan, amma a cikin fage ya fasa. Hukumar damben Faransa ta dakatar da shi bisa zargin rashin ɗa'a, har sai da Blaise Diagne, ɗan majalisa mai wakiltar Senegal, ya tashi a majalisar dokokin Faransa yana kare shi.

Sai dai shi ma Siki ya ba maƙiyansa abin faɗa. Kuɗi na shigowa, suna fita ta mashaya da tufafi masu tsada. An sha ganinsa a titunan Paris yana jan ɗan zaki da igiya. Atisaye kuwa ya yi masa riƙon sakainar kashi. A 17 ga Maris 1923 ya rasa kambunsa a hannun Mike McTigue a Dublin, wata shida kacal da samunsa. Daga nan ya koma Amurka, inda shan kaye da rigingimu da ƴan sanda suka yawaita. A 15 ga Disamba 1925 aka tsinci gawarsa a kan titi a New York, da harsashi biyu a baya. Shekarunsa 28, kuma ba a taɓa hukunta kowa kan kisan ba. Sai a 1993 aka mayar da ƙasusuwansa Saint-Louis.

Iyayen da ƴaƴansu ke mafarkin ƙwallo ko dambe a Turai suna da abin dubawa a nan. Siki ya ƙi sayar da nasararsa a gaban jama'ar da ta raina launin fatarsa, kuma wannan abin koyi ne. Amma yaro ne da ya tashi a ƙasar wasu, nesa da dangi, babu babba mai tsawata masa ranar da dukiya ta zo. Idan za a ba yara labarinsa, bai kamata a tsaya a turmi na shida ba, a ci gaba har zuwa titin New York.