Alfargani, Masanin Taurari

Ina so in ba ku tarihin wani malami, Ahmad ɗan Muhammad Alfargani, wanda ya rayu cikin ƙarni na 9. Asalinsa mutumin Fargana ne, can tsakiyar Asiya. Ya zauna a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, ya shiga cikin masana taurarin da ke aiki a ƙarƙashinsa. Daga baya ya tafi Masar, inda ya kula da ginin ma'aunin ruwan kogin Nilu a tsibirin Rauda cikin 861.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ɗan littafinsa mai babi 30. A ciki ya taƙaita ilmin falaki na Baɗalimus, ya bayyana tafiyar rana da wata da taurari, da yadda husufi ke aukuwa. Bai cika shi da lissafi mai wuya ba, don haka mai koyo ma yakan gane.

Cikin 1135 aka juya littafin zuwa Latin a ƙasar Sifen, ɗaliban Turai suka yi ta kwafarsa da hannu. Da injin ɗab'i ya samu, sai aka buga shi a Ferrara ta Italiya cikin 1493, aka sake bugawa a Nuremberg ta Jamus cikin 1537. Larabcinsa kuwa sai 1669 aka buga a Amsterdam.

Amma fa akwai wanda ya ɗauki ilminsa a karkace. Alfargani ya kawo awon girman duniya da mil na Larabawa. Kolombus ya tsinci adadin a littafin wani, ya zaci mil na Rumawa ne, wanda bai kai na Larabawa tsawo ba. Sai ya ɗauka duniya ƙarama ce, ya tasam ma Asiya ta yamma cikin 1492. Ba don ya tarar da Amurka a hanya ba, da guzurinsu ya ƙare a tsakiyar teku.

Ni dai a ganina, malamin ya sauke nauyinsa, saura mai karatu. Kowane adadi muka gani a littafi, mu tambayi da wane ma'auni aka auna, gama mudun wani gari ba shi ne na wani ba. Allah ya jiƙan Alfargani, amin.